Gwafa Uku a Ƙofar Gidan Inna

Ni ba mai fita ba ce. Tun ina yarinya ban cika son waje ba, da aka yi mini aure kuwa sai abin ya zo mini daidai, don katanga ɗaya ce tsakanin gidan mijina da gidanmu, a nan unguwar Magajiya. Mijin nawa ɗan wan babanmu ne, tela, yana da rumfa a kasuwa. Akwai wata 'yar ƙofa da aka huda ta bayan madafi, in na ga dama sai in shiga wajen Inna sau goma a yini ba wanda ya ga ƙafata a hanya. Saboda haka yawancin abin da na sani na garin nan a wancan lokaci, yana amsa sunan Abuja tukuna ba a koma ce masa Suleja ba, da kunne na san shi. Ɗakina yana jingine da hanyar da ta shigo daga wajen Dutsen Zuma ta nufi kasuwa. Ina kan tabarma ina tsince shinkafa zan gaya maka wanda ya wuce, da irin kayan da ya ɗauko, da ko an ɓata masa rai kafin ya fito.

Inna tana da randa biyu a gindin mangwaron ƙofar gida. Kullum bayan sallar asuba za ta ja ruwa a rijiyar tsakar gida ta cika su, ta jefa saiwar jema don ƙamshi, ta kife faifai, ta ɗora moɗa. Tun ba a haife ni ba take wannan, kuma tun da babanmu ya rasu ba ta taɓa fashi ba. Ba ta sa wa abin suna ba, ruwan ƙofa kawai take cewa. Masu shansa kuwa matan Gwari ne da ke shigowa daga ƙauyuka da itace da doya da gawayi.

Na san zuwansu kamar yadda na san kiran salla. Da farko takun ƙafa mai nauyi, da numfashi. Sai wata ƙara, ƙiiit, kamar ta tsohon ƙyaure. Sai moɗa ta bugi bakin randa. Sai muryar Inna tana haɗa Hausa da ɗan yarensu da ta tsinta, su yi ta yi mata dariya. Sai kuma ƙiiit, takun ya yi gaba. Ban taɓa tambayar abin da ke yin ƙarar ba. Na ɗauka ƙyauren zaure ne.

Inna ta rasu ƙarshen damina, shekarar da motoci suka canza hannu suka koma bin dama a titi. Kwana huɗu ta yi a kwance. Ranar sadakar uku matan nan suka zo, suka tsaya a tsakar gida a jere, suka ajiye doya suka tafi.

Daga nan zama ya gagare ni. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ban san abin da na tashi yi ba. Da asuba ina jin kamar ana sakin guga a rijiya, in leƙa ta 'yar ƙofa, ba kowa. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta taso daga Diko ta zauna a gidan don kada a bar shi ba mutum, ita ta riƙa fitar da ruwan in na ja. To amma bayanta ba lafiya, randa ɗaya take iya cikawa tana nishi tana ambaton sunayen Allah. Na ga in aka tafi a haka, kafin arba'in ruwan ƙofa ya tsaya.

Sai na fara aika magana ta kan katanga. Gida zuwa gida, kowace ta gaya wa ta kusa da ita. Mata bakwai muka haɗu a ɗakin Inna, muka shirya kowane gida ya ɗauki rana guda a mako: masu kulle su ja ruwan, tsofaffi masu fita su kai randa. Wata ta ce Inna ce ta yi mata wankan jego, wata ta ce ita ta zauna da ita da mijinta ya rasu. Ba wadda ta yi gardama.

Yaya, wanmu, akawu ne a ofishin gwamnati, yana zaune can wata unguwa. Da labari ya kai masa sai ya zo da murna, ya ce ai wannan ƙungiya ce muka kafa ba mu sani ba. Ya ce sai an yi shugaba da sakatare. Ni aka naɗa shugaba, matar wani malamin makaranta ta zama sakatare tunda ita kaɗai ta iya boko a cikinmu. Ya ce kuma ba za a bar wurin haka kamar bakin juji ba, uwarmu ta fi ƙarfin haka. Zai sa a yi dakali na siminti don matafiya su zauna su huta, a yi rumfar kwano, a kafa allo a rubuta cewa sadakar Inna ce. Na ji daɗi har na yi hawaye.

Ranar da magina suka zo, Yaya ya shigo yana kakkaɓe hannu, ya ce akwai wasu itatuwa uku masu gwafa a kafe kusa da randa, karkatattu, sun yi baƙi wuluk, ko tsawonsu ma bai zo ɗaya ba, sun tare wurin dakali. Na san su. In zan je suna ko gaisuwar mutuwa nakan gan su ta gefen mayafi, na ɗauka turakun jakuna ne tun na zamanin babanmu. Ni da bakina na ce a tumɓuke su a shigo mini da su, ga arba'in ta matso muna neman itace.

Ashe itacen kirya ne, mai tauri. Ni da hannuna na tura su ƙarƙashin tukunyar tuwon sadaka. Tun hantsi suke ci har la'asar ba su ƙare ba, mata suna ta yaba itacen, suna tambayar inda na samo.

Bayan arba'in da kwana biyu malamai suka yi addu'a aka buɗe wurin. Maigida ya shigo yana ba ni labari, ya ce ko a tashar mota ba a yi irinsa ba. Washegari na yi sammako na shimfiɗa tabarma jikin bango.

Takun ya zo. Ya rage sauri, ya ɗan tsaya, ya wuce. Wani ya zo, ya wuce. Har rana ta yi tsaka ban ji moɗa ba sai sau biyu, su ma masu keke ne, na ji sun jingina kekunansu. Da yamma Gwaggo ta ce randunan suna nan cike, ta kwashe ta yi wanke-wanke.

Na ce baƙunta ce, za su saba. Mako ya cika, haka. Sai dai dakalin ya samu jama'a, mazan unguwa sun mai da shi majalisa, ana hirar siyasar soja ana shan ruwanmu mai jema. A taronmu na ranar Alhamis kowa ta kawo nata. Sakatare ta ce allon ne, ba su iya karatu ba, sun ɗauka wurin hukuma ne. Aka sauke allo kwana uku, ba abin da ya canza, aka mayar. Wata ta ce mazan ne suke jin nauyi. Yaya ya zo ya ba mazan haƙuri suka koma gindin wata bishiya. Wata ta ce ruwan yana warin siminti, muka wanke randunan muka turara su. Wata kuwa ta rage murya ta ce su mutanen ƙauye ba sa shan ruwan mamaci. Wannan ban yarda da ita ba, don na ga yadda suka tsaya a tsakar gidanmu da doyarsu.

Maƙwabciyata ta hagu, mai tuyar ƙosai, ita ta fara janyewa. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Ranki ya daɗe shugaba, ni fa ƙuguna ba na banza ba ne. In ja ruwa da asuba, da magariba a ba mangwaro? Mangwaron nan ko 'ya'ya ba ya raba mana." Na yi dariya don ba yadda zan yi. Bayanta wata ta ce ɗanta ba lafiya, wata ta ce gugansu ya tsinke. Ban ga laifinsu ba.

Ni kuwa na zama abin tausayi. Miya ta ƙone sau biyu a mako ɗaya. Ina tsefe kan 'yata sai in tsaya da tsinke a hannu ina saurare har ta ce Umma kin manta da ni. Maigida ya ce in ina so zai ɗinka mini matashi a manna a bangon, tunda can kunnena ya tare. Abin da ya fi tayar mini da hankali, takun kansa raguwa yake. Gwaggo ta jiyo a kasuwa cewa wasu sun koma bin hanyar bakin rafi, mai nisa, don akwai wata bishiya can da suke hutawa. In duk suka koma can, ko zinariya muka zuba a randa ba mai gani.

Wata safiya ina zaune na ji Gwaggo ta buɗe ƙyauren zaure za ta fita da ruwa. Ya buɗu shiru. Ta dawo ta rufe, shiru. Sai na tuna rabona da jin ƙiiit ɗin nan tun kafin arba'in. Na bi ta 'yar ƙofa na je na kama ƙyauren ina buɗewa ina rufewa, ina buɗewa ina rufewa. Gwaggo ta tsaya da tulu tana kallona, ta ce in ciwon ya kai haka a gaya wa mijina a nemo rubutu. Na ce Gwaggo, akwai wani abu da yake kuka a ƙofar gidan nan kullum, yanzu ya daina. Ta ce ita ba ta san shi ba, kwananta nawa a gidan. Na tambayi maigida, ya ce ƙara iri nawa ce a bakin hanya.

Akwai wata tsohuwa a cikin matan da na sani da murya kawai. Ƙawa take ce wa Inna. Tana jan ƙafar hagu, kuma sai ta yi tari sau biyu kafin ta yi gaisuwa. Ita ba ta daina bin hanyarmu ba, ƙila ƙafar ba za ta kai ta bakin rafi ba. Na ce wa Gwaggo gobe ta tsaya a waje, in na ji tsohuwar tana zuwa zan buga bango da muciya, ta tare mini ita ta shigo da ita.

Hantsi ya ɗaga na ji jan ƙafar. Na buga. Na ji Gwaggo ta yi mata sannu, ta ce 'yar mai ruwan tana son ganinta a ciki. Tari biyu, sannan ta ce ba za ta iya shiga ba, da kaya. Gwaggo ta ce ta sauke a dakali mana, ai don haka aka yi shi. Sai na ji tsohuwar ta yi wata 'yar dariya ta hanci, takun ya soma tafiya.

Ban san lokacin da na ja mayafi ba. Ban tambayi kowa ba, na ratsa zauren Inna na fito bakin ƙofa ido na ganin ido, abin da rabona da shi tun ina budurwa.

'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba. Itacen da ta ɗauko ya fi ta tsawo, an jera shi cikin wata babbar ƙwarya, ƙwaryar kuma ba a ka take ba, a kafaɗa take, ta bayan wuya. Na san haka suke ɗaukar kaya, kowa a garin nan ya sani, su ba sa ɗora wa kai kaya. Amma ban taɓa tsayawa kusa na duba ba. Wuyanta a sunkuye, sai ta juyo da jikinta duka kafin ta gan ni.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Baba, me muka yi muku kuka daina shan ruwan Inna?"

Ta nuna da leɓe wajen da aka shafe da siminti, ta ce, "'Yar ƙawa, ina gwafa?"

A tsaye ta yi mini bayani, da Hausarta mai gajerun kalmomi, kayan yana kafaɗarta. A gida mutum biyu ke ɗora mata kayan nan. In ta sauke shi ƙasa, ko a kan wannan dakali da bai wuce gwiwa ba, wa zai ɗaga mata? Amma gwafa tana daidai kafaɗa. Za ta matsa, ta ɗan rusuna, gindin ƙwarya ya zauna a bakin gwafar, ta zare jikinta. Ta miƙe wuya, ta sha ruwa, ta koma ƙarƙashi ta ɗauka, ba ta roƙi kowa ba. Ta ce ba haka kawai tsawonsu ya bambanta ba. Inna ce ta auna, ɗaya ta dogaye, ɗaya ta tsaka-tsaki, ɗaya ta gajeru. Ta gajerun a kafaɗarta aka gwada, tana goyon ɗanta na fari, wanda yanzu yana da jikoki a hanya.

Gwaggo ta ɗebo ruwa ta kai mata baki don ta sha ko a tsaye. Ba ta iya ɗaga haɓa ba. Rabin ruwan ya bi ta ƙirjinta. A nan na gane abin da takun yake yi in ya rage sauri ya tsaya: kallon randa suke da ƙishi su wuce.

Ta sake tambayar inda aka kai gwafannin. Na so in ce magina ne. Na ce, "Baba, ni na ƙona su. Da su na dafa tuwon arba'in."

Kunyar duniya ta rufe ni. Sai ta ce, "Tuwon ya dahu?"

Na ce ya dahu.

Ta ce, "To ƙawa ta ci itacenta." Ta yi dariya har kayan yana rawa, Gwaggo tana riƙe mata gefe. Ta ce za ta sa 'ya'yanta su nemo kirya mai baki uku, amma ba ta sa rana ba, ana haƙar doya, kuma ba kowace bishiya ke da irin wannan reshe ba.

Da na gaya wa maigida, da farko fitar da na yi ya tsaya a kai, sannan ya ce wallahi shekara da shekaru yana ganinsu suna jingina kaya a wurin, bai taɓa haɗa abin a ransa ba, shi dai yakan sunkuyar da kai ya wuce don ba a kallon matan mutane. Yaya ne ya yi wuya. Ya ce yanzu a fasa siminti sabo fil a kafa karkatattun itatuwa a gaban allo? Ya ce zai sa a ƙara wa dakalin bulo ya yi tsawo. Na ce ƙwarya gindinta a kewaye yake, za ta mirgine, kuma ta ina mutum zai shigar da kafaɗa? Ya ce to a yi na ƙarfe a yi masa fenti. Gwaggo tana gefe tana ɓare gyaɗa ta ce, "Kai ɗan nan, tunda uwarka ta haife ka ka taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi? Bar masu kafaɗa su faɗi." Ya tashi ya fita ko sallama bai yi ba.

Kwana goma sha biyu ina jira. Tsohuwar takan wuce, in ji tarinta, ba ta tsayawa. Ƙungiya ta koma mu uku, ni da sakatare da wata dattijuwa da ta ce ita don Allah take yi ko kare ne zai sha. Kullum muna cika randa, kullum da yamma a kwashe. Ina ta lissafin takun da ya rage a hanya, ina cewa yau sun fi na jiya ko ba su kai ba.

Ranar Asabar na ji ƙarar diga a ƙofar gida. Na aika Gwaggo ta dubo. Ta dawo tana danne dariya, ta ce Yaya ne da kansa, ya tuɓe riga, ga tsohuwa a tsaye tana nuna masa inda zai sara. Ashe maganar Gwaggo ta shige shi. Gwafa ɗaya ta kawo, ita ta samu. Na tsaya daga cikin zaure ina leƙe. Aka zura itacen a rami, ta matsa da kafaɗarta, ta ce ya yi ƙasa. Aka ciro aka zuba duwatsu. Ta sake gwadawa, ta ce ya ɗara kaɗan. Sau huɗu Yaya yana cirewa yana mayarwa, gumi har cikin idonsa, tana ce masa akawu a hankali. Da ya zauna daidai ya ce a kawo siminti a ɗaure gindin. Ta ce a'a, ƙasa da dutse, a daddanna da ƙafa.

Ran Litinin na shimfiɗa tabarmata tun ba a gama share gida ba. Jan ƙafa ya zo, ya tsaya. Na kasa kunne ina jiran ƙiiit. Ba ta zo ba. Na ce a raina wani abin kuma muka ɓata. Sai moɗa ta bugi bakin randa. Na ji ruwa yana sauka a maƙogwaro, na ji ta ja dogon numfashi, ta yi wa wata da ke bayanta magana da yarensu, ita ma ta tsaya jiran layi.

Daga baya na tambaye ta ƙarar. Ta ce sabon itace ba ya kuka, sai ya shekara yana ɗaukar kaya ya saki jiki a raminsa.

Da yamma Gwaggo ta ce randa ɗaya ta sauka har rabi. Mai ƙosai ta leƙo ta katanga tana tambaya wai ita ranarta Talata ce ko Laraba, ta manta. Na ce Talata, gobe kenan, kuma a jefa jema.

Amma dogayen ba su samu tasu ba. Washegari ina ji, mai gajeren taku ta tsaya ta sha, mai dogon taku ta rage sauri, ta ɗan tsaya, ta wuce. Na ajiye tsintar shinkafar na bi ta 'yar ƙofa, na ce wa Gwaggo in tsohuwa ta zo ta tambaye ta ko 'ya'yanta sun gama da doyar.